Sarƙar Tsohuwar Ƙofa

Ranar Lahadi, ranar ƙarshe ta wasan ware sa daga garke a kan doki na garin Murrabinda, Merv Haddrick ya riga kowa zuwa fili. Ya zuba baƙin mai a ƙarafan da ƙofar shinge take juyawa a kai, ya buɗe ta ya rufe, ya sake buɗewa. Babu abin da ya sami ƙofar. Jiya ma ya zuba mata mai. Barci ne ya ƙi shi, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Aikinsa ke nan a ƙungiyar masu shirya wasan tun gashinsa yana baƙi. Ba a biyan kowa. Wal Pendergast, shugaban ƙungiya, shi yake ba da aron shanu. Matan gari suna rumfar abinci suna soya nama da albasa suna cusawa a burodi. Wani ya kawo motar ruwa ya jiƙa fili. Merv kuwa shi da abokinsa Lyle suke riƙe da ƙofa, kowa da ɓangarensa. Mahayi zai shiga ƙaramin shinge ya zaɓi sa ɗaya cikin garke, ya ware shi, ya tare shi gaban ƙofa har alƙali ya ga doki ya mallake shi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ƙofa!" Daga nan ne, ba kafin nan ba, ake buɗewa. Sa ya fita da gudu, mahayi ya manne masa kafaɗa da kafaɗa, ya zagaya da shi turke na farko da na biyu, ya kora shi tsakanin turaku biyu na ƙarshe. In sa ya kuɓuce, alƙali ya kaɗa bulala, tas! Ka fita ke nan.

Lyle kunnensa ya mutu tun yana aikin injin haƙar rijiya. Ba ya jin kiran kowa. Hannun Merv yake kallo, in Merv ya ja, shi ma ya ja. Kowa ya san haka, kuma babu wanda ya damu, don Merv bai taɓa buɗewa da wuri ko a makare ba.

Shekarun baya, a turke na biyu ne dokin Heath, ɗan Merv na fari, ya harɗe da ƙafar sa suka kife gaba ɗaya. Merv yana riƙe da ƙofar nan yana kallo. Yanzu Heath yana kan keken guragu a barandar gida, uwarsa Glenys ce take juya shi safe da yamma. 'Yan ƙungiya suka zo da katako da guduma suka gina wa keken gangara a ƙofar gida, ranar hutunsu, cikin zafin rana. Bayan wannan da wane baki Merv zai ce ya daina zuwa fili? Ya ci gaba da zuwa. Ita kuma Tahlia, autarsa, ta tashi ta hau doki kamar ba ta ga abin da ya sami wanta ba.

Yau da safe ya same ta bayan tirelar ɗaukar doki tana ja wa goɗiyarta Tuppence majayi.

"Kin ci wani abu?"

"Na ci, Baba."

"Me kika ci?"

"Iska. Har na ƙoshi."

"Ki sa hular kwanon nan, don Allah."

"Baba, shekarata goma sha tara. Duba filin nan kaf, ka ga babba ɗaya da kwano a ka?" Ta danna malafarta, ta yi masa dariya. "Kai dai ka riƙe ƙofarka da kyau. Noeleen tana kallo yau."

Ai bai manta ba. Noeleen Strachan tsohuwa ce busasshiya mai horar da dawaki a can arewa, tafiyar kwana biyu a mota, inda in mutum ya karye sai an jira jirgin likita. Kowace shekara matashi ɗaya take ɗauka ya zauna gidanta ya koyi aiki, kuma duk wanda ya fito daga hannunta ba ya sake neman aiki, aiki ne yake nemansa. Ranar Juma'a ta ce wa Tahlia, a gaban Merv, "Ba sai kin ci ba, yarinya. Ina so in ga yadda kike zaɓar sa, da kuma halinki in abu ya ɓaci." Tun daga ranar Tahlia ba ta taka ƙasa da kyau. Shi kuwa tun daga ranar abinci ba ya wuce masa wuya.

Da rana ta karkata aka zo zagayen ƙarshe, kuma sunan Tahlia yana ciki. Wal ya iso ƙofa da ƙaton cikinsa, gwangwanin giya a hannu.

"Merv, mutumina, fuskar nan taka kamar ana shirin cire maka haƙori. Sauka ka je ka sha wani abu mai sanyi, a sami wani ya riƙe maka. 'Yarka ce za ta shiga."

"Ina nan."

"To kada ka sume mana dai. Babu mai ɗaukarka, ka yi nauyi." Ya nuna shanun da ake korowa cikin shinge da baki. "Ka gan su? Na can bayan daji ne na ajiye wa zagayen ƙarshe. Ba su taɓa ganin mutum a ƙasa ba, sai jirgi mai saukar ungulu. Yau za a san mahayi da mai hawa don hoto."

Merv ya dube su. Masu tozo ne, dogayen ƙafa, kunnuwa a miƙe, idanu kamar an kunna wuta. Suna bugun katako da ƙirji. Ya so ya sauka kamar yadda Wal ya ce. Amma in ya sauka zai koma can bayan igiya tare da 'yan kallo, nesa da ita. A ƙofa kuwa in ya miƙa hannu sai ya kusa taɓa likkafarta.

Mutum biyu suka shiga kafin ita, duka biyun bulala ta kore su tun kafin turke na farko. Sai lasifika ta kira Tahlia Haddrick da Tuppence.

Ta shiga a hankali, linzami a sake, tana duban shanun ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce wani fari da yake huci. Ta zaɓi ja, madaidaici, mai ɗan sanyin ido. Merv ya san ta zaɓa daidai, ko shi wannan zai zaɓa. Goɗiyar ta sa kafaɗa ta raba shi da garke, ta kawo shi gaba. Ya juya dama, ta tare. Ya juya hagu, ta riga shi. Jama'a suka fara ihu, mai lasifika yana zuba surutu kamar ana biyansa.

A juyi na uku san bai koma baya ba. Ya sunkuyar da kai ya taho kan goɗiyar, ya buge ta a kafaɗa ya haɗa ta da katakon shinge dab da ƙofa. Merv ya ji ƙarar gwiwar Tahlia a jikin katako. Ya ga goɗiyar ta durƙusa da ƙafa ɗaya. Ya ga malafar ta faɗi.

Bakin Tahlia a rufe yake. Yana kallon bakin. Haƙoranta a cije, tana tattara linzami, goɗiyar har ta fara miƙewa za ta sake tarewa.

Ya ja ƙofa.

Lyle ya ga hannunsa, shi ma ya ja. San ya ga fili ya fice kamar harsashi, goɗiyar kuwa kanta yana duban garke. Kafin Tahlia ta juyo da ita ta fito, san ya yi nisa, ya nufi can ƙarshen fili. Ta bi shi duk da haka, ta kwanta a wuyan goɗiyar. A banza.

Tas!

Ta dawo a guje ta ja linzami gaban alƙali, Athol Brumpton, wanda yake zaune kan dokinsa a gefen shinge, bulala a naɗe a hannu.

"Ban kira ba, Athol. An buɗe ban kira ba."

Athol ya sosa geminsa. Ya matso da doki bakin ƙofa.

"Merv, ni ban ji komai ba, lasifikar nan ta cika min kunne. Lyle kuwa ka san shi. Ta kira ko ba ta kira ba? In kuskuren ƙofa ne, ka san doka. Ta koma ta sake."

Ta koma ta sake. Merv ya dubi cikin shinge. Jan nan mai sanyin ido ya tafi, ba a maimaita sa. Waɗanda suka rage su ne waɗanda kowa ya ƙi, ga farin nan yana tona ƙasa da kofato, yawu yana zuba. Ya dubi Tahlia. Wandonta ya yage a gwiwa, jini ya jiƙa shi har bakin takalmi. Goɗiyar tana rawar jiki, tana ɗage ƙafar gaba. Can bayansu turke na biyu yana tsaye inda yake tsaye kullum.

Ita ko damuwa ba ta yi ba. Har ta miƙa hannu wani ya ba ta malafarta.

"Faɗa masa, Baba, mu wuce wurin."

Merv ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

"Ta kira," ya ce.

Athol ya gyaɗa kai, ya fara juya doki.

"Me ka ce?" Muryarta ba ta fita sosai ba da farko. Sai ta fita. "Baba, me ka ce? Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Athol, ƙarya yake yi!"

Mai lasifika ya yi shiru, shi ya sa kowa ya ji. Matan rumfar abinci suka leƙo da cokula a hannu.

"Tahlia," in ji Athol, "ubanki ne fa. Tun kafin a haife ki yake ƙofar nan."

"Ka tambaye shi kuma! Ka dubi idonsa ka tambaye shi!"

"Na tambaya, ya amsa. Fitar min daga fili kafin in hana ki hawa har baɗi."

Wani daga bayan igiya ya ƙwala, "Ƙofa!" da siririyar murya ta mata. Aka fashe da dariya. Ta jefar da malafar a ƙasa, ta juya goɗiyar ta fita. Merv ya rufe ƙofa, ya tsaya jiran mahayi na gaba. Sauran duk ya buɗe musu daidai.

Da aka gama ya ɗebi ruwa a bokiti ya nufi tirela. Ya tarar Noeleen ta riga shi. Tahlia tana durƙushe tana shafa ƙafar goɗiya, ba ta ɗago ba.

"Sa yakan kuɓuce wa kowa," tsohuwar take cewa. "Ni an kaɗa min bulala fiye da gashin kanki. Zaɓinki ya yi, tarewarki ta yi. Da kin ɗaga wa alƙali hula kin fita, da gobe kina motata."

"Ban kira ba."

"Har yanzu? To ji nan. Wadda za ta firgita ta kira ƙofa, sannan ta ɗora wa ubanta a gaban gari guda, me za ta ɗora wa dawakina in babu mai kallo? Ni ba na zama da irin wannan."

Tahlia ta ɗago, ba Noeleen ta duba ba. Merv yana tsaye da bokiti, ruwa yana zuba masa a takalmi. Magana ɗaya ce daga bakinsa za ta wanke ta. Wasa ya ƙare, shanun dajin sun koma mota, babu sauran abin da zai taka ta yau. Amma bayan yau akwai arewa, akwai dawakin da ba a taɓa ɗora wa sirdi ba, akwai wayar mugun labari da za a bugo wata rana Glenys ta ɗauka.

Noeleen ta dafa kafaɗarsa da za ta wuce. "Ka yi haƙuri, Merv. Yaran yanzu ke nan."

Ya gyaɗa mata kai.

Kafin rana ta faɗi aka taru gaban rumfar giya don rabon kyauta. Aka ba wanda ya yi nasara kofinsa da bargon doki, aka tafa. Aka gode wa matan abinci da mai motar ruwa. Sai Wal ya miƙa hannu ya sauko da sarƙa daga ƙusa.

Sarƙar tsohuwar ƙofa ce, ta shingen farko da kakanninsu suka gina, mai kauri, duk tsatsa. Kowace shekara 'yan kwamiti sukan zaɓi wanda ya fi kowa yin abin kunya su rataya masa, ya yi yawo da ita har a watse, ya ajiye ta gidansa zuwa baɗi. Kuma da yake sarƙar ƙofa ce, mai ƙofa ne yake ratayawa. Merv ya rataya wa mutane da yawa. Ya rataya wa Wal kansa shekarar da wandonsa ya tsage a turke na farko. Abin dariya ne, wanda aka rataya wa shi yake fara dariyar.

"Bana kwamiti bai sha wahalar zaɓe ba," in ji Wal a lasifika. "Mun taɓa ganin wanda ya zargi dokinsa. Mun ga wanda ya zargi shanuna. Amma wadda ta ce ubanta ne, wannan sabon salo ne. Tahlia, 'yar gidana, fito!"

Merv ya matsa kusa da shi. "Wal, bar shi haka. Ta ji ciwo a gwiwa."

"A wuya ake ratayawa, mutumina, ba a gwiwa ba. Gara ta koya a nan cikinmu." Ya danƙa masa sarƙar.

Ya zaci ba za ta fito ba. Ya roƙi Allah kada ta fito. Sai ga ta tana ɗingishi, jama'a suna darewa suna ba ta hanya, samari suna buga tebur suna cewa, "Ƙofa! Ƙofa! Ƙofa!" Wayoyi suka tashi sama. Ta zo ta tsaya gabansa. Ba ta yi kuka ba. Da kanta ta tattara gashinta ta ɗage shi, ta sunkuyar da kai, kamar lokacin da take ƙarama yana ɗaura mata igiyar hular kwano.

Ya ɗaga sarƙar. Bai taɓa jin nauyinta haka ba. Ya sauke ta a wuyanta a hankali, baƙin man hannunsa ya ɓata mata wuyan riga. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, har wasu masu ihun suka fara rage murya.

"Ku tafa wa Merv Haddrick!" in ji Wal. "Ga mutum! Ko don 'yarsa bai karkata ba. Da wani ne sai ya ce kuskurensa ne a ba ta dama ta biyu. Irin waɗannan suke riƙe da ƙungiyar nan. A ba shi giya, ni zan biya!"

Aka tafa sosai. Aka riƙa bubbuga bayansa. Lyle ya kama hannunsa ya girgiza, yana murmushi, bai ma san me ake cewa ba. Merv ya karɓi gwangwanin, ya riƙe shi har ya yi ɗumi.

Sun kama hanyar gida da sauran haske, a-kori-kura tana jan tirela a kan jar ƙasa. Tahlia ba ta cire sarƙar ba. Duk ramin da suka faɗa sai ta yi ƙara a ƙirjinta.

"Cire ta mana, ai an watse," in ji Merv.

Ta juya kai tana duban taga.

"Gwiwar nan, in mun isa uwarki ta duba. Ko mu juya asibiti?"

Suka wuce gonar Pendergast, suka wuce busasshen rafi.

Suka iso ƙofar gonarsu, ya taka birki. Can nesa ana hango rufin gida da baranda. A ƙasar nan wanda yake gefen direba shi yake sauka ya buɗe, mota ta wuce, ya rufe. Tun Tahlia ba ta kai tsawon sakata ba take tsalle ta sauka, har faɗa suke yi da Heath kan wa zai buɗe. Yau ba ta motsa ba. Inji yana ta aiki.

"Tahlia, kin ga farin nan da ya rage a shinge..."

"Na san dalili, Baba. Tun a bakin ƙofa na sani. Ba sai ka faɗa ba." Gaba take kallo. "Na yi magana da mutanen Brumpton. Ranar Laraba za su zo su ɗauki Tuppence."

"Haba, 'yata. Ba a ce ki daina hawa ba. Baɗi ma..."

"Baɗi in shiga shinge kai kana ƙofa? Ko in je wani gari a ce ga mai sarƙa ta zo?" Ta ɗan yi dariya, ba mai daɗi ba. "Ka kwantar da hankalinka. Ka samu abin da kake so. Yara biyu a baranda, kana ganinmu safe da yamma."

Abin da ya fi ba Merv tsoro shi ne, can ƙasan cikinsa, ƙarƙashin kunyar, wani abu ya kwanta wanda ya kwana biyu bai kwanta ba. Ga ta nan zaune, ƙafafunta biyu suna motsi. Yunwa ma ya ji.

"Sauka ka buɗe," ta ce. "Ai ba ka jira a kira ka."

Ya sauka. Ya zare sakata ya tura ƙofa, ya waiwayo ko za ta matsa kujerar direba ta shigo da motar. Tana nan inda take. Ya dawo ya hau, ya shigar da mota da tirela, ya tsaya, ya sake sauka ya koma ya rufe.

Daga baranda Heath ya hango su. Ya turo kekensa har bakin gangara, ya ɗaga hannun da yake iya ɗagawa yana kaɗawa, yana son ya ji yadda aka yi.